Amsa ga ɗan'uwan da ya ce komai ya gundure shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam, na karanta tambayarka da kyau, kuma ga abin da na fahimta daga cikinta. Kana da aikin ofis da albashin da ke riƙe gida, ka shekara bakwai da aure, Allah ya ba ku 'ya'ya biyu, babu rashin lafiya, babu wata rigima tsakaninka da maiɗakinka, amma duk da haka komai ya gundure ka. Ka ce in ka tashi daga aiki ba ka ɗokin komawa gida, in ka je majalisa bayan isha'i hirar ba ta shiga ranka, in ka koma ɗaki sai ka yi ta latsa waya har barci ya kwashe ka, gobe ma haka, jibi ma haka. Ka tambaya ko akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, da kuma abin da ya fitar da shi.

'Yan'uwa sun riga ni ba ka shawara. Wani ya ce ka buɗe 'yar sana'a bayan aiki, wani ya ce ka riƙa motsa jiki da asuba, wani ya ce ka ƙara yawan karatun Alƙur'ani, wasu kuma sun ce alama ce ta lokacin ƙarin aure ya yi. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ni malamin sakandare ne a nan Zariya, na daɗe ina riƙe da ofishin ba ɗalibai shawara, kuma daga bayaninka na girme ka nesa ba kusa ba, saboda haka ka ba ni dama in yi maka magana irin ta wa da ƙane. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ka lissafa duk abin da kake yi daga safe zuwa dare, amma ba ka ambaci mutum ɗaya da ya san halin da kake ciki ba. Maiɗakinka ba ta sani ba, abokan zamanka ba su sani ba, mu da ba mu taɓa ganin fuskarka ba mu ne farkon ji. A ganina nan gizo ke saƙar.

Gundura iri biyu ce a iya sanina. Akwai ta wanda ba shi da abin yi, irin wadda muka gani a jikin 'ya'yanmu lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda aka fara a watan Fabrairu aka janye a Oktoba, wata takwas cur yara suna zaman kashe wando. Wannan maganinta sananne ne: a kai yaro koyon ɗinki ko gyaran waya, sai ta wuce. Akwai kuma ta wanda yake da abin yi har ya yi masa yawa, amma ba ya jin ɗanɗanon ko ɗaya, kuma taka ke nan. Irin wannan mutum ko an ƙara masa hidima, sati biyu zai yi yana marmarinta, sannan ita ma ta bi sahun sauran. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar York ta ƙasar Kanada, John Eastwood, shi da abokan aikinsa sun buga wani bincike a 2007 wanda ya nuna cewa mutanen da ke shan wuya wajen gane abin da suke ji a ransu su ne suka fi saurin gundura. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ta hanyar abin da mutum yake ji ne yake sanin abin da yake so, wanda kuwa ya daina sauraron zuciyarsa zai wayi gari yana son yin wani abu amma bai san ko mene ne ba, duk abin da ya ɗauka sai ya ajiye.

Mu kuwa tun muna ƙanana aka koya mana rufe ciki. Yaro zai faɗi ya kurje gwiwa, kafin a duba ciwon an ce masa namiji ba ya kuka. In ya tasa ya koyi kawaici, ya koyi kara, ya koyi cewa dattijo shi ne wanda ba a karanta fushinsa ko tsoronsa a fuska. Ba na cikin masu kushe wannan tarbiyya, domin ita ce ke sa maƙwabta su yi zaman shekara arba'in ba a ji kansu ba. Sai dai don zama da jama'a aka yi ta, ba don mutum ya riƙa yin ta ga matarsa da amininsa har ma da kansa ba. Zuciya kuma ba ta iya zaɓe. In ka shekara kana danne tsoro da baƙin ciki da kunyar gazawa, to murna da ɗoki da sha'awa ma tare suke dannuwa, kamar mai mura ne da hancinsa ya toshe, ya huta da warin kwata amma ƙamshin miya ma ya wuce shi.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Muna da majalisa a Tudun Wada, a gefen teburin wani mai shayi, inda muka daɗe muna zama bayan sallar isha'i. Hirarmu ba ta wuce siyasa, da farashin buhun masara, da ɗauke wuta, da ƙwallon Ingila. Kafin mutum ya buɗe baki na san abin da zai ce: na san mai sukar gwamnati, na san mai kare ta, na san wanda zai ce ai a zamaninsu ba haka ake ba. Ya kai ga ina zuwa ne kawai don kada a ce lafiya ba a gan ni ba. A cikinmu akwai wani bawan Allah mai shagon fotokwafi da ɗaurin kundin ɗalibai a Samaru, unguwar da Jami'ar Ahmadu Bello take, kuma duk wanda ya san Samaru ya san in ɗalibai ba sa nan kasuwar wurin a mace take. Duk tsawon yajin aikin nan, in an ce masa ya kasuwa sai ya ce kasuwa alhamdu lillahi, mu kuma mu wuce zuwa wata magana.

Wani dare cikin damina ruwa ya kori yawancin mutane, muka rage mu kaɗan a ƙarƙashin rumfa. Na lura ya riƙe kofin shayinsa har ya huce bai kurɓa ba. Wani ya ce masa, "Alhaji, ya kasuwa?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Babu kasuwa. Na sayar da inji ɗaya na biya kuɗin haya, ɗayan ma an yi cinikinsa. Kullum da safe ina sa kaya in hau mota zuwa Samaru in zauna a shagon da ba mai shigowa, don kada iyalina su gane. Wallahi tsoro nake ji." Muka yi tsit, har mai shayi ya miƙa hannu ya rage muryar rediyonsa. Babu wanda ya san abin da zai ce, sai dattijon cikinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya gyara zama ya ce shi ma da ya yi ritaya ya daɗe yana fita da safe kamar mai zuwa aiki, ya je ya zauna a inuwa kusa da tasha har azahar, domin bai san yadda zai zauna a gida a gaban 'ya'yansa ba shi da wurin zuwa ba. Shekara da shekaru muna shan shayi da mutumin nan ba mu taɓa jin wannan ba. Daga nan wani ya faɗi halin da yake ciki da babban ɗansa da ya faɗa shaye-shaye, muryarsa tana rawa. Ba mu tashi ba sai da mai shayi ya fara kife kofuna.

Ba a biya wa Alhaji bashinsa a daren ba, ko da yake daga baya wani daga cikinmu ya haɗa shi da wata makarantar kuɗi da ke neman mai buga mata takardun jarrabawa. Amma abin da ya sa na kawo labarin shi ne abin da ya faru da majalisar kanta. Washegari da na idar da isha'i na tarar ƙafata tana sauri, ina son in ji yadda Alhaji ya wuni, ina son in ji ko yaron nan ya kwana a gida. Har yau muna musun ƙwallo da siyasa, ba abin da ya ragu, sai dai musun yana da daɗi yanzu domin na san mutanen da nake yi da su. Da ma ba hirar ce ta gundure ni ba. Kowa ne yake zuwa da rigarsa ta fita kunya ya bar kansa a gida, shi ya sa babu wani sabon abu da za a ji.

Masana sun gwada wannan. A 1997 wani malami a Amurka mai suna Arthur Aron ya haɗa ɗalibai biyu-biyu waɗanda ba su san juna sosai ba, ya ba su minti 45. Wasu ya ba su tambayoyi 36 da ke farawa da sauƙi suna ƙara zurfi, har a kai ga irin tambayar yaushe rabonka da yin kuka a gaban wani. Wasu kuma ya ba su tambayoyin hirar sama-sama. Da aka tashi, waɗanda suka yi tambayoyi masu zurfi sun fi jin kusanci da juna ƙwarai. Abin lura a tsarin shi ne, mataki-mataki ake hawa, kuma duka biyun suke amsawa, ba ɗaya ya yi ta zuba ɗaya yana kallonsa ba.

Yanzu sai batun gida, wanda na fi so ka ba shi muhimmanci. Shi wannan Aron ɗin, tare da wasu masu bincike biyu, sun buga wani nazari a 2009 a kan ma'aurata 123 a jihar Mishigan. Sun tambaye su a shekara ta bakwai da aure ko suna jin zaman ya zama na gundura, sannan suka sake komawa gare su a shekara ta goma sha shida. Waɗanda suka ce sun gundura a karon farko su ne aka tarar gamsuwarsu da auren ta fi raguwa bayan shekara tara, kuma hanyar da abin ya bi ita ce raguwar kusanci. Kai ma a shekara ta bakwai kake, don haka kada ka ce tun da babu faɗa babu matsala.

Ni a lokacin dokar kulle ta 2020 na san haka. An rufe makarantu, an hana fita, na wuni a gida tare da maiɗakina, sai na ga hirarmu ba ta wuce cefane da kuɗin makaranta da wanda ya haihu da wanda ya rasu. In an gama waɗannan kowa ya kama gabansa. Wata rana da la'asar tana zaune a tsakar gida tana tsince wake a faifai, na jawo kujera na ce mata tun rasuwar mahaifinmu, da nauyin ƙannena da na gyatuma ya dawo kaina, akwai dararen da ba na barci, ina tsoron ranar da za a zo mini da buƙata in kasa. Ba ta ɗago ba, hannunta bai tsaya ba. Can sai ta ce, "Malam, ai ina jin juyinka kullum. Na ɗauka ni na yi maka laifi, ko kuma aure kake nema kake jin nauyin gaya mini." Ka ga, shirun da nake ganin rufin asiri ne, ita da zato take cike shi. Daga nan ta gaya mini cewa barin karatunta na koyon malanta bayan haihuwar fari bai taɓa barin ranta ba, kuma ba ta taɓa faɗi ba don kada in ga kamar ba ta gode ba. Matar da na ɗauka na gama saninta, ashe akwai wannan a ranta duk tsawon zamanmu. Da aka buɗe makarantu ta koma karatun ƙarshen mako, kuma tun daga lokacin ba mu rasa abin hira.

Na san za a sami mai cewa kai kuka ga mutum raunin imani ne, a kai wa Allah. Gaskiya ne Annabi Yakubu, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 86, ya ce ga Allah kaɗai yake kai ƙarar baƙin cikinsa, amma ai bai ɓoye baƙin cikin ba, ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suna gani. Manzon Allah (SAW) kuma da wahayi ya fara zo masa a kogon Hira, gida ya koma zuciyarsa tana bugawa, ya ce a lulluɓe shi, ya gaya wa Nana Khadija cewa ya ji wa kansa tsoro, ita kuma ta kwantar masa da hankali ta lissafa masa kyawawan halayensa. Akwai kuma labarin Hanzala a cikin Sahihu Muslim, wanda nake yawan ba ɗalibaina. Sayyidina Abubakar ya gamu da shi ya tambaye shi yaya yake, maimakon ya ce lafiya lau sai ya ce Hanzala ya zama munafuki, domin in suna gaban Annabi kamar suna ganin wuta da aljanna, in sun koma cikin iyali da dukiya sai su manta da yawa. Abubakar bai tsawata masa ba, ya ce wallahi su ma suna samun irin haka, suka tafi wurin Annabi tare, Annabi ya gaya musu cewa lokaci ne da lokaci, wato akwai lokacin tuna lahira, akwai na iyali da dukiya. Da Hanzala ya yi kawaici, da ya ci gaba da ɗaukar damuwarsa shi kaɗai yana zaton babu mai irinta. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah, ba gaya wa ɗan'uwa halin da kake ciki ba.

Amma kafin ka gaya wa wani, sai ka san abin da za ka faɗa, kuma a nan wayar nan take cutar ka. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Bajiniya ya zaunar da mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da in ka danna wutar lantarki za ta ja ka, ja mai zafi amma marar illa. Duk da sun ɗanɗana zafin tun farko sun ce ba sa so, maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun danna da kansu. Mutum ya gwammace zafi a kan zama da tunaninsa, kuma ka lura maza sun fi yawa. Latsa wayar da kake yi har barci ya kwashe ka gudu ne irin wannan. Ka gwada, bayan isha'i, ka bar ta a ɗaki ka zauna a waje kaɗan, in gundurar ta taso kada ka kore ta, ka tambayi kanka me ke ƙarƙashinta. A ofishina, in ɗalibi ya ce karatu ya ishe shi, da wuya mu yi nisa ban tarar da wani abu daban ba: tsoron faɗuwa, ko kewar uwar da aka saka, ko haushin an tilasta masa fannin da ba ya so. Manya ma haka ne. Mai yiwuwa ka tarar da takaicin an tsallake ka a ƙarin girma, ko nadamar wata hanya da ba ka bi ba, ko kewar wani mamaci da ba ka samu ka yi kukansa ba. In faɗi ya yi maka nauyi, ka fara rubutawa a takarda.

Sai kuma zaɓen wanda za a gaya wa, domin ban ce ka zazzage cikinka ga kowa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda yake kawo maka asirin wasu zai kai naka gaba. Kada ka sa a Facebook, kada ka kai sirrin ɗakinka majalisa, wannan addini ma ya hana. Mutum ɗaya ko biyu sun isa, waɗanda ka jarraba amanarsu, abokin kuka ai ba a ɓoye masa mutuwa. Ka fara da ƙarami ka ga yadda aka riƙe shi, sannan ka ƙara. In da maiɗakinka za ka fara, ka kiyaye lafazinka, domin "zaman gidan nan ya gundure ni" zargi ne, za ta ji shi a matsayin ta gaza, daga nan sai kuka ko gaba. Ka yi magana a kan kanka: ka ce kwanan nan ba ka jin daɗin komai, abin yana damunka, ba laifinta ba ne, kana so ta sani. Sannan ka tambaye ta ita me ke ranta wanda ba ta taɓa gaya maka ba, ka yi shiru ka saurara har ta kai aya, ko da abin da za ta faɗa ya shafe ka.

Kada ka zaci karon farko zai yi daɗi. Mace da ta shekara bakwai ba ta ji irin wannan daga bakinka ba tana iya tsorata, ko ta ce ka yi haƙuri ta tashi ta shiga kicin, ba don ba ta damu ba sai don ba ta san inda za ta ajiye maganar ba. Ka ba ta kwanaki. Aboki kuma yana iya mayar da abin wasa, ko ya ce kowa da irin tasa, ko ya buɗe maka wa'azi. In haka ta faru za ka ji kamar ka zubar da girmanka, kuma wannan jin yana da ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka san cewa ka gane iyakar wannan abokin ne kawai, sai ka nemi wani.

Game da ƙarin aure, halal ne, ba ni da hurumin hana ka. Abin da zan ce kawai shi ne, amarya tana kawar da gundura ne muddin akwai abin da ba ku sani ba game da juna, in kuwa ka shiga ɗakinta da irin shirun da ka saba, bayan 'yan shekaru gida biyu za su gundure ka maimakon ɗaya, ga kuma ƙarin nauyi.

Abu ɗaya ya rage wanda bai kamata in tsallake ba. Ka ce lafiyarka lau, amma ka duba da kyau. In wannan hali ya wuce mako biyu a jere kusan kullum, kuma ya haɗu da rashin barci ko yawansa, da rashin cin abinci, da kasala, da jin kai ba kowa ba ne, ko tunanin gara mutuwa, to ya wuce gundura, yana iya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani kamar hawan jini. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. In ka je, ka gaya wa likita komai yadda ka rubuto mana, kuma in da hali ka tafi tare da maiɗakinka, domin akwai abin da take gani a tare da kai wanda kai ba ka gani. Allah ya yaye maka, ya sa albarka a gidanka.